Richard Osman: Littafin binciken kisan kai da ya raba kan masu karatu

Littafin The Thursday Murder Club, wanda fitaccen mai gabatar da shirye-shiryen talabijin ɗin nan na Birtaniya, Richard Osman, ya wallafa a watan Satumban shekara ta 2020, yana cikin ƙagaggun labaran da suka fi samun kasuwa a ƙasar a 'yan shekarun nan.

Sai dai kuma yawan cinikin bai sa bakin masu karatu ya zo ɗaya ba.

Yayin da wasu ke cewa sun samu abokan hira a cikin tsofaffi huɗun da labarin ya ginu a kansu, wasu na ganin cewa zaren labarin ya cika sarƙaƙiya, kuma da ba don sunan marubucin ba, da littafin bai yi wannan tashen ba.

Muhawarar ta wuce batun littafi guda. Ta taɓo yadda kamfanonin ɗab'i ke rububin mutanen da suka riga suka yi suna, da halin da ƙananan marubuta ke ciki, da kuma irin kallon da al'umma ke yi wa tsofaffinta.

Wane ne Richard Osman?

An haifi Richard Osman ranar 28 ga watan Nuwamban 1970 a garin Billericay na gundumar Essex, ya kuma tashi a yankin Sussex da ke kudancin Ingila.

Ya yi karatu a Kwalejin Trinity ta Jami'ar Cambridge, sa'annan ya shafe shekaru yana aiki a bayan fage, inda yake tsara shirye-shiryen talabijin. Ya kai matsayin babban darekta mai kula da ƙirƙirar shirye-shirye a kamfanin Endemol reshen Birtaniya.

Jama'a sun fara sanin fuskarsa ne a shekara ta 2009, lokacin da gidan talabijin na BBC ya soma nuna shirin kacici-kacici mai suna Pointless, wanda ya riƙa gabatarwa tare da Alexander Armstrong.

A cikin shirin, akan yi wa mutum 100 tambaya tun da farko, sa'annan a buƙaci masu gasa su lalubo amsar da take daidai, amma wadda babu ko mutum guda cikin ɗarin da ya ambata. Mr Osman shi ne ya riƙa zama a gefe yana tantance amsoshi, yana ƙarin bayani cikin raha.

A shekara ta 2017 ya fara gabatar da wani shirin nasa na kansa mai suna House of Games. A 2022 kuma ya ba da sanarwar barin shirin Pointless na kullum-kullum, domin ya mai da hankali ga rubutu.

Ya sha bayyana cewa ya kwashe kimanin watanni 18 yana rubuta littafinsa na farko a asirce, kuma tunanin ya zo masa ne bayan wata ziyara da ya kai wani ƙauyen masu ritaya.

A shekara ta 2019 kamfanonin ɗab'i goma ne suka yi takarar sayen littafin. Kamfanin Viking, wanda reshe ne na Penguin, shi ne ya yi nasara, bayan ya ƙulla yarjejeniyar littattafai biyu a kan kuɗin da rahotanni suka ce sun kai aƙalla fam miliyan guda.

Abin da labarin ya ƙunsa

Ana iya fassara sunan littafin da Ƙungiyar Binciken Kisan Kai ta Ranar Alhamis.

Labarin ya faru ne a wani ƙagaggen wuri mai suna Coopers Chase a gundumar Kent. Wurin rukunin gidaje ne na alfarma da aka keɓe wa waɗanda suka kai shekara 65, irin wanda tsofaffi masu hali a Birtaniya kan sayar da gidajensu su koma ciki, su ci gaba da harkokinsu tare da sa'o'insu.

A duk ranar Alhamis, mutum huɗu daga cikin mazauna wurin kan haɗu a wani ɗaki domin bitar tsofaffin fayilolin kisan kai da 'yan sanda suka kasa warwarewa.

Akwai Elizabeth, tsohuwar jami'ar leƙen asiri wadda ita ce jagora. Akwai Joyce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai fara'a, wadda mutane kan raina wayonta. Akwai Ron, tsohon jagoran ƙungiyar ƙwadago mai zafin kai. Na huɗunsu shi ne Ibrahim, likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Masar, mai son lissafi da tsari.

Fayilolin da suke dubawa sun fito ne daga hannun ƙawar Elizabeth mai suna Penny, tsohuwar jami'ar 'yan sanda wadda a yanzu take kwance a sashen jinya, ba ta san inda kanta yake ba.

Wasa ya zama gaske ne lokacin da aka tsinci gawar wani magini mai suna Tony Curran a ɗakin girkin gidansa, an ajiye wani tsohon hoto a gefensa. Marigayin abokin hulɗa ne na mai wurin, Ian Ventham, wanda ke shirin tone wata tsohuwar maƙabarta ta mata masu hidimar coci domin ya gina ƙarin gidaje.

Daga nan ne tsofaffin suka kutsa kai cikin binciken, suka ja wasu 'yan sanda biyu a jiki, wato Donna De Freitas da Chris Hudson, suna tatsar bayanai daga bakinsu da shayi da kek.

An gina littafin ne a kan gajerun babobi fiye da ɗari. Wasu daga ciki shafuka ne na kundin da Joyce ke rubuta abubuwan da suka faru da ita a kowace rana, sauran kuma suna bin sawun mutane daban-daban na cikin labarin.

Tsohon salo a sabon zamani

Littafin ya faɗa cikin wani rukuni na adabin Turanci da za a iya kira labarin bincike mai sanyi.

A irin wannan labari ana yin kisa, amma ba a tsayawa bayyana jini da azaba. Wurin yakan kasance ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, mai binciken kuma yawanci ba ɗan sanda ba ne.

Wannan ya sha bamban da littattafan James Hadley Chase da ɗalibai da ma'aikata suka riƙa yayi a Najeriya a shekarun baya, waɗanda ke cike da bindiga da 'yan daba da gudun tsira.

Wadda ta fi yin fice a salon mai sanyi ita ce Agatha Christie, wadda ta rasu a 1976 bayan ta rubuta littattafan bincike 66. A 1927 ta fito da wata tsohuwa mai suna Miss Marple a cikin wani gajeren labari na wasu mutane da kan taru a daren Talata, kowa ya kawo labarin wani abu mai ɗaure kai, sauran su yi ƙoƙarin gano bakin zaren.

Masu karatu da dama sun lura da kamannin da ke tsakanin wancan taro na Talata da wannan na Alhamis.

Marubutan wancan zamani sun ɗauki labarin bincike a matsayin wasan ƙwaƙwalwa tsakanin marubuci da mai karatu. A 1929 wani limamin ɗarikar Katolika, Ronald Knox, ya wallafa ƙa'idoji goma na wannan wasa. Daga ciki akwai cewa dole a ambaci mai laifin tun a farkon labari, kuma mai bincike ba zai ɓoye wa mai karatu wata alama da ya gano ba.

Da wannan ma'auni ne wani ɓangare na masu karatu suka auna littafin Mr Osman, kuma daga nan ne saɓanin ya samo asali.

Kasuwar da littafin ya yi

An fito da littafin ranar 3 ga watan Satumban 2020, kuma an sayar da kwafe kimanin 45,000 a cikin kwanaki ukun farko.

A makon da ya gabaci Kirsimetin shekarar, an sayar da kwafe sama da 134,000 a Birtaniya, kimanin ninki biyu na abin da littafin tarihin rayuwar tsohon shugaban Amurka Barack Obama ya samu a makon.

Wannan ne karo na farko, tun da aka fara tattara irin waɗannan alƙaluma, da littafin ƙagaggen labari na farko na wani marubuci ya zo na ɗaya a makon Kirsimeti.

A shekara ta 2021 an ba Mr Osman lambar marubucin shekara a bikin karrama littattafai na Birtaniya. Kazalika littafin ya shiga jerin ƙarshe na lambar Edgar, wadda marubuta labaran bincike na Amurka ke bayarwa, ko da yake bai lashe ta ba.

Masu sharhi sun danganta wani ɓangare na wannan nasara da lokacin da littafin ya fito.

Birtaniya ta shiga dokar kulle saboda annobar korona ranar 23 ga watan Maris na 2020, aka kuma sake rufe Ingila a watan Nuwamba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce daga watan Maris zuwa tsakiyar Yuni, mazauna gidajen kula da tsofaffi fiye da 19,000 ne suka mutu ɗauke da cutar a Ingila da Wales.

A daidai lokacin da labarin tsofaffi a kafofin yaɗa labarai ya zama na mutuwa da kaɗaici, sai ga littafi ya zo da tsofaffi masu walwala, masu wayo, waɗanda ke sha gaban 'yan sanda.

Abin da masu yabo ke cewa

Abu na farko da masu son littafin kan ambata shi ne mutanen cikinsa.

Da yawa na cewa ba su damu ƙwarai da sanin wanda ya yi kisan ba. Abin da ya riƙe su shi ne zaman da suke yi da waɗannan mutane huɗu, da yadda suke tsokanar juna, da yadda kowannensu ke rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Joyce ce ta fi samun masoya. A kundinta takan fara zancen gawa, ta zarce zuwa farashin kaya a kanti ko ƙorafin cewa 'yarta ba ta kiranta a waya, sa'annan ta dawo ta faɗi wata magana da ke nuna cewa ba abin da ya wuce ta.

Abu na biyu shi ne yadda littafin ya ɗauki tsufa.

Masu karatu da suka manyanta sun yaba da cewa ba a mai da tsofaffin abin tausayi ko abin dariya ba. Hasali ma, suna amfani da rainin da ake yi musu a matsayin makami, domin wanda ba a ɗauke shi a bakin komai ba yana iya shiga inda ya ga dama, ya tambayi abin da ya ga dama.

Abu na uku shi ne baƙin cikin da ke ƙarƙashin rahar.

Mijin Elizabeth, Stephen, masani ne da gigin tsufa ya fara kamawa, kuma matar tasa na ɓoye halin da yake ciki don gudun kada a raba su. Akwai kuma wani dattijo da ke zuwa ya zauna a benci guda kullum saboda kewar matarsa da ta rasu.

A Birtaniya, inda aka ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan guda ne ke fama da wannan cuta ta mantuwa, masu karatu da dama sun ce sun ga iyayensu da kakanninsu a cikin waɗannan shafuka.

Wasu kuma sun yaba da gajertar babobin, suna cewa ta taimaka musu komawa ga karatu bayan sun daɗe da barinsa. Karatun littafin da 'yar wasan kwaikwayo Lesley Manville ta yi, wanda aka naɗa domin masu sauraro, shi ma ya samu karɓuwa.

Abin da masu suka ke cewa

Hausawa na cewa abincin wani gubar wani. Kusan duk abin da aka yaba a littafin, akwai waɗanda shi ne ya gundure su.

Babban ƙorafin shi ne yawan mutane da rassan labari. Masu karatu da dama sun ce sun riƙa komawa baya domin tuno wane ne wane, musamman da yake mutuwar da ake bincike a kai ba ɗaya ba ce, kuma wasu al'amuran sun faru ne shekaru da dama da suka wuce.

Masu bin ƙa'idojin su Ronald Knox na cewa an warware wasu ƙulle-ƙullen ne ta hanyar mai laifi ya buɗe baki ya amsa laifinsa, maimakon mai karatu ya samu alamun da zai bi ya kai ga gano shi.

Akwai kuma batun abin da hankali zai ɗauka. Masu suka na tambayar ta yaya jami'an 'yan sanda za su riƙa kwashe sirrin bincike suna miƙa wa fararen hula, kuma ta yaya a duk lokacin da aka samu cikas sai a tarar Elizabeth na da wani tsohon aboki da zai share hanya.

Wasu sun ce labarin yana jan ƙafa a tsakiya, kuma rahar ta yi yawa har ta kashe fargabar da ake nema a labarin kisa.

Masu karatu a wajen Birtaniya sun koka da yawan ambaton kantuna da shirye-shiryen talabijin da al'adun da sai ɗan ƙasa ne zai gane abin dariyar da ke cikinsu.

A cikin gida kuwa, wasu sun yi nuni da cewa Coopers Chase, mai wurin ninƙaya da gidan cin abinci na zamani, wuri ne na masu kuɗi. A ganinsu, wannan hoto ya yi nisa da rayuwar ɗimbin tsofaffin ƙasar da ke dogaro da fansho na gwamnati.

Batu mafi nauyi shi ne na adalci. A cikin labarin, tsofaffin ne ke yanke shawarar abin da za su faɗa wa hukuma da abin da za su binne, gwargwadon yadda suka auna dalilin mai laifi.

Wasu masu karatu na ganin wannan hikima ce ta manya. Wasu na ganin ɗaukar doka ne a hannu, wanda marubucin ya lulluɓe da raha. Kazalika yadda littafin da waɗanda suka biyo bayansa suka taɓo batun mutum ya kawo ƙarshen rayuwarsa, ko ta wanda yake ƙauna, bai kwanta wa wasu a rai ba saboda dalilai na addini da na ɗabi'a.

Suna linzami

Tambayar da ta fi yawo ita ce, shin da wani da ba a sani ba ne ya rubuta littafin, zai yi irin wannan kasuwa?

Babu mai musun cewa suna na sayar da littafi. Misalin da aka fi bayarwa shi ne na J.K. Rowling, marubuciyar Harry Potter, wadda ta wallafa wani labarin bincike a watan Afrilun 2013 da sunan aro na Robert Galbraith.

Rahotanni sun ce kwafe kimanin 1,500 kawai aka sayar kafin asiri ya tonu a watan Yuli. Cikin 'yan kwanaki da bayyana sunanta littafin ya haye saman jerin waɗanda aka fi saye.

Bayan nasarar Mr Osman, wasu fitattun mutane a rediyo da talabijin na Birtaniya sun fito da nasu labaran binciken. Richard Coles, limamin coci kuma mai gabatar da shiri a rediyo, ya wallafa Murder Before Evensong a 2022. Lauya Rob Rinder ya fito da The Trial a 2023, sai mai gabatar da shirye-shirye Jeremy Vine da ya biyo baya da Murder on Line One a 2025.

Marubutan da rubutu ne sana'arsu sun daɗe suna ƙorafin cewa irin waɗannan littattafai na cinye kuɗin talla da kuma gurbin da ke gaban kantuna.

Wani bincike da ƙungiyar ALCS mai karɓar wa marubutan Birtaniya haƙƙinsu ta wallafa a 2022, ya nuna cewa matsakaicin abin da marubuci ke samu daga rubutu a shekara ya faɗo zuwa fam 7,000, wanda bai kai mafi ƙarancin albashi a ƙasar ba.

Akwai kuma zargin da akan yi wa wasu shahararrun mutane cewa marubutan bayan fage ne ke yi musu aikin. A 2023 an yi ce-ce-ku-ce a kan littafin 'yar fim Millie Bobby Brown, wanda ta rubuta da taimakon wata marubuciya, Kathleen McGurl, wadda sunanta bai fito a bangon gaba ba.

Game da Mr Osman, hatta masu sukarsa sun fi karkata ga yarda cewa shi ya rubuta abinsa, domin irin rahar da aka san shi da ita a talabijin ita ce a shafukan.

Kamfanonin ɗab'i su kuma kan kare kansu da cewa ribar da manyan littattafai ke kawowa ita ce ke ba su damar gwada sa'a a kan sababbin marubuta, kuma wanda ya shiga kanti neman littafi guda yakan fito da biyu.

Abin da alƙaluma ke nunawa

A shafin intanet na Goodreads, inda masu karatu ke ba littafi maki daga ɗaya zuwa biyar, matsakaicin makin littafin farko ya tsaya ƙasa kaɗan da huɗu, yayin da waɗanda suka biyo bayansa suka haura huɗu.

Ana fassara wannan ta fuska biyu. Wasu na cewa hannun marubucin ne ya ƙara faɗawa, ya rage yawan rassa, ya ƙara ɗaure zaren labari.

Wasu kuma na cewa littafin farko kowa ya saya, har da waɗanda suna ko talla ta jawo, amma na biyu da na uku sai wanda ya ji daɗin na farko. Da masu ƙorafi suka janye, dole maki ya tashi.

Ko ma dai wace fassara aka ɗauka, cinikin bai ragu ba.

Littafi na biyu, The Man Who Died Twice, ya fito a 2021, aka sayar da kwafe sama da 114,000 a makon fitowarsa. Na uku, The Bullet That Missed, ya haura 127,000 a 2022. Na huɗu, The Last Devil to Die, ya kai kusan 147,000 a 2023.

A 2024 Mr Osman ya ɗan jingine tsofaffin nasa, ya fito da We Solve Murders, labarin wata mai tsaron lafiyar manyan mutane da surukinta, tsohon ɗan sanda. A watan Satumban 2025 ya dawo da littafi na biyar a jerin, mai suna The Impossible Fortune.

Ya zuwa wannan lokaci an sayar da kwafen littattafansa fiye da miliyan goma a faɗin duniya.

Magoya bayansa na kafa hujja da wannan. A cewarsu, suna na iya sa mutum ya sayi littafi sau ɗaya, amma ba zai sa ya riƙa komawa kanti kowace shekara ba, idan har na farkon bai gamsar da shi ba.

Sabuwar muhawara a kan fim

Kamfanin Amblin na Steven Spielberg ya sayi haƙƙin mai da littafin fim tun a 2020. Chris Columbus, wanda ya ba da umarni a finafinan Harry Potter biyu na farko, shi ne ya ja ragamar aikin, kuma kamfanin Netflix ya fara nuna fim ɗin ranar 28 ga watan Agustan 2025.

Helen Mirren ce ta fito a matsayin Elizabeth, Celia Imrie a matsayin Joyce, Ben Kingsley a matsayin Ibrahim, sai Pierce Brosnan a matsayin Ron.

Tun kafin a nuna fim ɗin, wasu masu karatu suka nuna shakku a kan zaɓen Mr Brosnan, ɗan ƙasar Ireland wanda aka sani da fitowa a matsayin James Bond. A ganinsu, ya fi ƙarfin ya fito a matsayin ɗan gwagwarmayar ƙwadago daga unguwannin talakawa na Landan.

Bayan fitowarsa kuma, ƙorafin ya koma kan abubuwan da aka yanke da waɗanda aka sauya. An mai da Coopers Chase wani ƙasaitaccen gidan sarauta, an rage rawar da kundin Joyce ke takawa, an kuma sauya makomar Bogdan, magini ɗan ƙasar Poland wanda masu karatu ke matuƙar ƙauna.

Abin lura shi ne, masu shirya fim ɗin sun rage sarƙaƙiyar da aka daɗe ana kuka da ita, amma hakan bai faranta wa masoya littafin rai ba. Da yawa daga cikinsu sun ce a garin gyaran zaren labarin an zubar da ƙananan hirarraki da halayen da suka sa suka ƙaunaci mutanen.

Inda saɓanin yake

Idan aka tattara ra'ayoyin ɓangarorin biyu, za a ga cewa sun yi tarayya a kan bayanin littafin, sun saɓa ne a kan abin da kowannensu ya je nema.

Duka sun yarda cewa raha ta fi fargaba yawa a cikinsa, kuma mutanen sun fi binciken ƙarfi.

Wanda ya buɗe shi yana neman wasan ƙwaƙwalwa irin na Agatha Christie, inda kowace alama ke da gurbinta, yakan rufe shi da sauran ƙorafi a ransa. Wanda ya buɗe shi yana neman labarin zumunci da tsufa da rashi, yakan nemi na gaba.

Tambayar da har yanzu ba a amsa ba ita ce ta marubutan da ba su da shirin talabijin. Nasarar Mr Osman ta farfaɗo da kasuwar labaran bincike masu sanyi, wasu sababbin marubuta ma sun ci gajiyar hakan. Sai dai masu lura da harkar ɗab'i na cewa muddin kamfanoni suka ci gaba da ganin sanannen suna a matsayin hanya mafi sauƙi ta mai da kuɗinsu, to, ƙaramin marubuci zai ci gaba da jiran layi.